Idon da Ya Riga Ya Ƙone

Litinin, 1 ga Satumba

Farfesa ya tara mu a ɗakin shayi, ya ce leza tamu ce har ƙarshen Oktoba. Daga nan masu binciken da ke hawan sama za su karɓe ta, kuma shi kansa bai san ranar da za ta dawo hannunmu ba. Shekarun da na yi ina haɗa tukunyar nan, wata biyu aka ba ni in nuna abin da ke cikinta. Dogo, abokin aikina, ya ce in kwantar da hankalina. Shi da nasa bai taɓa kwanciya ba.

Da yamma Baban yara ya sake tambayata, wai me nake yi takamaimai, don abokan aikinsa a hukumar ruwa sun ishe shi. Na sake yi masa bayani. Tukunyar ƙarfe ce da aka zuƙe iskar cikinta tas. In saki 'yar iskar agon a ciki, in harba mata jan hasken leza. Ƙarfin lantarkin da ke cikin hasken ya kai ƙarfin da ƙwayar zarra take riƙe ilektiron ɗinta da shi, don haka sai ɗaya ya suɓuce. Abin da ya rage shi ne ayon, kuma akwai faranti biyu masu wutar lantarki da ke fizgo shi zuwa inda ake ƙirga shi. To hasken ba ya tura abu gefe ɗaya kawai, juyawa yake yi. In ya juya sai ya wurgo ilektiron ɗin baya, ya zo ya bangaji zarrar, wani lokaci har ya fitar da na biyu.

Ya ce wato yaro ne ya gudu daga gida, aka koro shi, ya dawo ya ja ƙanensa suka fice tare. Na ce kusan haka. Nawa aikin shi ne in ƙara haske na biyu, shuɗi, in ga ko zan iya karkatar da yaron a hanyarsa ta dawowa.

Ya ce zai gaya musu ina aikin wutar lantarki.

Alhamis, 4 ga Satumba

Saiti, saiti, saiti. Haske biyun nan dole su haɗu a wuri ɗaya da bai kai kaurin gashi ba, kuma kullum da safe sai in tarar sun rabu, don ɗakin ya ɗan ɗumama ko ya ɗan huce.

Tabarau na kariya aikinsa ya tare hasken, ja da shuɗin duka. Wato in yana fuskarka, kana saita abin da ba ka gani. Akwai na'urar kallo, amma hannu guda take ci, notin madubi kuma hannu biyu yake so, ga shi ba ta nuna komai sai hazo kore. Shi ya sa kowa yake leƙe. Ka sa bayan yatsa ka ɗaga gefen tabarau, ka dubi ɗigon a jikin kati, ka saki. Ba wanda ya koya mini, ba kuma wanda na taɓa gani ba ya yi, har Farfesa.

Jan ɗigon a ido kamar garwashin da ya kusa mutuwa yake. Ƙarya ce. Idon mutum ne ba ya ganin wannan launin sosai, ƙarfinsa kuwa yana nan cif. Duk mun san haka, muna ma koyar da shi.

Talata, 9 ga Satumba

Ya same ni.

Da safe ne, a madubi na uku. Na sunkuya, na ɗaga gefen dama, na murɗa noti, hasken ya zame ya taɓa bakin ƙarfen da ke riƙe da madubin. Na ji ɗas a cikin kaina. Ba zafi, ko kaɗan. Na zata ƙura ce a gilashi, na cire na goge da gefen riga. Sai na ɗago na dubi Dogo, na ga goshi da haɓa, tsakiyar fuskarsa babu.

Sai da na ƙarasa ɗaure notin kafin na gaya masa. Ban san dalili ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Asibitin ido. Sun ɗiga mini magani, sun ɗauki hoton bayan idon. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, hakan ya yi mini. Ta juyo da kwamfuta ta nuna mini: fili launin lemo, da ɗan farin ɗigo. Ta ce da ya sauka gefe kaɗan, da ƙila ban ma sani ba. Ya sauka daidai inda mutum yake karatu da gane fuska. Ta ce a jira kumburi ya sauka tukuna, ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Baban yara ne ya kai ni ya dawo da ni. Har muka iso gida idonsa na kan hanya. Da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na rufe idon dama ina rubutu da na hagu. Ina zuba shayi a gefen kofi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yaya ta bugo waya ta wanke ni tas. Wai mutane suna zuwa aiki su dawo da ciwon baya, ni na dawo da rami a ido. Wai tun muna yara ni ce mai cusa fuska inda ba a aike ni ba. Daga nan muryarta ta karye, ta ce in bar aikin nan don girman Allah, in koma koyarwa, allo bai taɓa ƙone kowa ba. Na ce to, Yaya. Ta ce ta san wannan "to" ɗin nawa.

Yaran suna zagaya ni a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ƙaramar ta tambayi babanta ko ramin yana yoyo.

Tsoro nake ji. Gara in rubuta shi a nan tunda ba na faɗa.

Talata, 16 ga Satumba

Farfesa ya zo gaishe ni da ledar lemo. Ya zauna a bakin kujera, ya ce ni ce na fi kowa natsuwa a ɗakin nan, shi ya sa abin ya girgiza shi. An rufe ɗakin leza mako guda. Jami'in kula da lafiyar ma'aikata ya zo ya manna takardu a ƙofa, an kafa doka: duk wanda aka kama ya ɗaga tabarau, ya bar ɗakin ke nan.

Na tambaye shi ko za a mayar mana da makon. Ya dubi ledar lemon, ya ce 'yan sama ba su yarda ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Na ce wa Baban yara jibi zan koma. Yana gyaran famfon kicin, ya ajiye sifana ya zauna a ƙasa. Ya ce ba zai hana ni ba, ya san wadda ya aura.

"Abu ɗaya nake roƙo, Dakta," ya ce. Da wasa yake kirana haka, amma yau ba wasa a ciki. "Tabaran nan, kada ya sake barin fuskarki. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Da zuciya ɗaya na yi.

Laraba, 24 ga Satumba

Kowa ya zama na kirki. Tabarau a fuska, na'urar kallo a hannu, Dogo yana riƙe mini ita ina murɗa noti, yana cewa sama, a'a ƙasa, a'a koma. Rabin yini muke ci a saiti. In muka kunna, ayon masu rashin ilektiron ɗaya suna zuwa da yawa, masu rashin biyu kuwa sai ɗaiɗai.

Su na biyun nake bukata. In aka zana yawansu a kan ƙarfin haske, layin yana da wani lanƙwasa da muke kira gwiwa. Gwiwar ita ce shaidar cewa ilektiron ya dawo ya bangaji gida. In shuɗin haske yana karkatar da shi, dole gwiwar ta matsa. Tana nan inda take, ko gezau. Ko dai tunanina na shekaru banza ne, ko haske biyun ba sa haɗuwa. Ba ni da hanyar sanin wanne.

Laraba, 1 ga Oktoba

Kumburi ya sauka. Tabo ne, ba zai tafi ba.

Likita ta rufe mini idon hagu ta ce in karanta allo. Babban harafin sama ma sai da na kalli gefensa kafin na gan shi. Ta ce haka zan koya, kallon gefe. Sannan ta ajiye biro ta ce in saurare ta da kyau. Tsakiya ce kawai ta tafi, kewayen lafiyarsa lau, kuma da kewayen nan mutum yake tafiya. Da shi ake ganin mataki, da mota in ta taho ta gefe, da yaro in ya tsaya kusa da ƙafa. Ta ce mutane suna raina shi sai sun rasa. Ta ba ni ranar dawowa farkon Nuwamba.

Ban yi kuka a can ba. A motar haya na yi, wata tsohuwa ta miƙo mini hankici ba ta tambaye ni komai ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Yau ma ba komai. Wajen azahar Dogo ya jefar da na'urar kallon a kan kujera, ya ce da a ce mutum ɗaya zai leƙa na ƙiftawar ido, da an wuce wurin. Sai ya yi 'yar dariya, ya ce ai ni yanzu ba ni da asara a idon nan.

Na tashi na fita. Ya sha jinin jikinsa, ya biyo ni har bakin lif yana ba ni haƙuri, wai bakinsa ne ya riga hankalinsa. Na ce ya rabu da ni. Haushi ya turnuƙe ni.

Laraba, 8 ga Oktoba

Maganar banza ce. Tun jiya ita nake juyawa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na aiki Dogo ya karɓo sabuwar kwalbar agon. Da ya fita na runtse hagu gam a bayan gilashi, na ɗaga gefen dama. Na kalli gefen katin yadda likita ta koya mini. Ga su nan, ja da shuɗi, kowanne yana harkar gabansa, tsakaninsu tazarar da na'urar kallo ba ta taɓa nuna mana ba. Murɗa biyu, suka hau kan juna.

Kafin ya dawo lambobi sun fara gudu a kwamfuta. Ya dube su, ya dube ni. Ya ajiye kwalbar bai tambaya ba.

Sau ɗaya ne. Don in san ko tunanina ne ya lalace ko saitin.

Litinin, 13 ga Oktoba

Sun sake rabuwa, kamar kullum. Na sake leƙawa.

Na yi lissafin abin. Hagu yana rufe, yana bayan gilashi, ba abin da zai same shi. Na dama kuma tsakiyarsa ta riga ta tafi. Kuma yanzu na fi da kula, ba na sunkuyawa daidai da teburi. In aka duba da idon basira, ni ce ma na fi kowa cancanta a ɗakin.

Na manna baƙin tef a gilashin hagu don kada in manta in buɗe.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Farfesa ya shigo ina tsakiyar yi. Ya ga tef, ya ga yatsana a ƙarƙashin tabarau. Ya juya ya tsaya yana nazarin agogon famfon zuƙe iska, abin da bai taɓa dubawa ba tun da na san shi. Da na saki sai ya juyo ya ce lambobin sun yi kyau ƙwarai, ya fita.

A gida Baban yara ya tambaye ni, tabarau fa? Na ce yana nan. Ya ce madalla, ya ci gaba da duba aikin makarantar babbar. Tuwon dare ne kawai ban ci ba, na ce kaina ke ciwo.

Talata, 21 ga Oktoba

Gwiwa ta matsa.

Na jinkirta shuɗin kaɗan, ta koma hagu. Na gaggauta shi, ta dawo dama. Na toshe shi da kati, ta koma mazauninta na da. Na yi ta yi kamar yarinya da makunnin fitila. Wato da gaske ana iya tare ilektiron a hanya a ce masa bi nan, kada ka bi can. Abin da na zana a bayan takardar taro tun ina da cikin ƙaramar, yau ga shi a gabana.

Dogo ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Farfesa ya kira ni 'yata, bai taɓa ba. Sai da na rufe dama kafin na ga layin sosai, amma na gan shi. Daɗin da na ji yau ban ji irinsa ba tun ranar da aka miƙo mini babbar a zani. Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Saboda sakamakon, an ƙara mana lokaci zuwa ƙarshen Nuwamba. Kowa yana ta murna. Ni da nake cewa in na kai ƙarshen Oktoba na cire tef ɗin.

Yanzu da safe ba wanda yake taɓa na'urar kallo. Su kunna leza, su haɗa shayi, su jira ni. Ba wanda ya ce in yi. Dogo cewa yake, "Hajiya, teburi na jiranki," ya fita ya ja ƙofa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ɗaya daga cikin 'yan sama ya tare ni a matakala, da ladabinsa. Wai sun ji ina da hannu a saiti, ko in an ba su leza zan riƙa leƙo su da safe. Na ce zan duba. Hannu, in ji shi.

Yaya ta bugo ban ɗauka ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Wannan karon ba ƙara. Walƙiya ce kawai, shuɗiya, daga ƙasa. Wani ya bar sukudireba a kan teburi, ƙila ma ni ce.

Na shiga banɗaki na rufe hagu, na kalli layukan tayil. Ramin tsakiya yana nan yadda na san shi. A ƙasansa, ta wajen dama, layuka sun lanƙwashe sun shige cikin wani duhu. Bai kai na farko girma ba. Ko ya kai, ban sani ba, gefe yana da wuyar aunawa.

Na wanke fuska na koma. Mun samu awo mai kyau yau, mafi kyau tun da muka fara.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Yau ce ranar likita. Na buga na ce aiki ya riƙe ni, a ba ni wata rana. Ba abin da za ta yi wa tabo, ita da bakinta ta faɗa. In na je kuma sai ta rubuta rahoto, in ta rubuta a rufe ɗakin, ga saura awon da ake yi da ƙarfin haske na ƙarshe.

Na taka abin wasan ƙaramar ya fashe. A tsakiyar falo yake, wai. Na yi mata faɗan barin kaya a hanya har ta yi kuka.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mun fita da yaran sayen takalman makaranta. Ba wani abu. Rana ta yi kyau, babbar ta zaɓi wanda ya fi ƙarfin ƙafarta, wai za ta girma a ciki.

Baban yara ya koma tafiya ta damana. Ban san yaushe ya fara ba, yau dai na lura. In ƙaramar ta zo ta wannan gefen sai ya kama kafaɗarta ya zagayo da ita hagu, yana ci gaba da maganarsa. Tun ranar Talata bai sake tambayata tabarau ba.

Da muka dawo, ina gaba da leda a hannu, muka iso ƙofar gidanmu, gidan da na shiga da ƙafata tun ina amarya. Sai na ji ya ce a hankali, yadda yara ba za su ji ba:

"Akwai mataki."

Na ɗaga ƙafa na hau. Ban ce masa na gani ba.

Gobe da wuri zan fita. An yi sanyi a ƙarshen makon nan, haske biyun za su rabu sosai.